Ruwan Alwala Daban, Ruwan Sha Daban: Tunatarwa Kan Ciwon Amai da Gudawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da ruwa daga sama ya raya ƙasa da shi bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Damina ta kankama. Duk wanda ya kwana biyu a Legas ya san abin da wannan yake nufi: kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shiga lungu, masai ya haɗu da rijiya, mutum ya naɗe wando har gwiwa kafin ya iso sallar asuba. A irin wannan lokaci ne ciwon amai da gudawa, wanda likitoci suke kira kwalara, yake samun ƙofa. Malam Liman da dattawan kwamiti suka ce a keɓe takardar wannan Juma'a a yi bayani a kansa, a faɗi mene ne shi, ta ina yake shigowa, kuma me addini ya ɗora mana game da shi. Don Allah wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma a shigar da takardar cikin gida, domin rabin maganar ta iyayenmu mata ce.

Bari mu fara daga abin da kusan dukkanmu muka karanta a zaure muna yara. Wanda ya yi Ishmawi ko Risala ya san babin ruwa. An koya mana cewa ruwan da ake tsarki da shi ana duba abu uku a jikinsa: launinsa, ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. In najasa ta faɗa ta canja ɗaya daga cikin ukun nan, ruwan ya ɓaci, ba alwala ba girki. In wani abu mai tsarki ne ya canja shi, kamar nono ko sabulu, to ya yi don amfanin gida amma bai yi don ibada ba. In kuwa babu abin da ya canja, ruwan yana nan a kan asalinsa, ka yi alwalarka ka yi sallarka. Wannan hukunci daidai ne, rahama ne kuma, domin Allah bai ɗora wa bawa binciken abin da idonsa da harshensa da hancinsa ba za su iya riska ba kafin ya tsaya gabansa.

To amma ga inda ake samun kuskure. Mutum sai ya ɗauki wannan ma'auni na alwala ya kai shi kan randa. Ya ɗebo ruwa, ya ɗaga kofi ya duba, garau; ya shinshina, ba wari; ya kurɓa, ba komai. Sai ya ce ai ruwa ne mai tsarki, bisimilla. Alhali malaman da suka rubuta babin nan amsar tambaya ɗaya suke bayarwa: shin salla ta inganta da wannan ruwa? Ba su ce duk ruwan da ya inganta alwala ba ya cutar da ciki ba. Ƙwayar cutar kwalara ba ta canja launi, ba ta canja ɗanɗano, ba ta da wari. Ruwa zai iya zama fes kamar hawaye, alwala ta yi da shi, amma a sha a kwanta. Hukuncin shan abin da ka san zai iya halaka ka yana wani babi daban, babin haramcin cutar da kai da cutar da wani.

Mene ne shi wannan ciwo? Wata ƙwaya ce 'yar mitsitsiya da ido ba ya gani sai da madubin likita, masana suna kiranta Vibrio cholerae. Hanyarta guda ce, kuma ku yi haƙuri da lafazin, ba kunya a wajen neman sani: tana fita daga cikin bayan gidan mai ɗauke da ita, ta shiga ruwa ko abinci ko ta maƙale a hannu, daga nan ta shiga bakin wani. Ba iska ce take kawo ta ba, ba ta bin numfashi kamar mura, sauro ba ya ɗaukar ta. Duk wanda ya kamu, to wani abu daga najasar wani ya isa bakinsa, ko da ƙanƙantarsa ta kai yadda ba a gani. Wannan magana tana da nauyi a kunnen Musulmi, na sani. Amma gara mu ji nauyinta a takarda da mu ji shi a maƙabarta.

In ta wuce tumbi ta isa ƙananan hanji, sai ta zauna ta hayayyafa ta saki wani dafi. Aikin hanji shi ne ya tsotse ruwa daga abin da muka ci ya mayar wa jiki. Dafin nan sai ya juya aikin, hanji ya dinga kwararo ruwan jiki da gishirinsa waje kamar an buɗe famfo an manta. Babban mutum yana iya zubar da kusan lita guda a cikin awa ɗaya in abin ya yi tsanani. Ku auna da jarkar mai ruwa: daga asuba zuwa azahar nawa ya fita? Shi ya sa gudawar ba ta kama da wadda aka saba. Tsululu take, fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa, sau da yawa ba murɗar ciki ba zazzaɓi, sai amai ya biyo. Wannan rashin zafin jiki yana yaudarar mutane, a ce ai jikinsa ba zafi, da sauƙi. Ba sauƙi ba ne. Ta bambanta da atini, wanda yake zuwa da jini da majina da murɗa, ta kuma bambanta da taifot, wanda yake jan kwanaki da zazzaɓi. Kwalara ba ta jan kwanaki. Daga shigarta jiki zuwa bayyanarta tsakanin awa 12 ne zuwa kwana 5, amma da ta bayyana da ƙarfi, mutumin da kuka yi sallar asuba sahu ɗaya ana iya yi masa salla kafin isha.

Abin da yake kashewa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Za ka ga idanu sun faɗa, baki ya bushe, murya ta dushe, fatar yatsu ta yamutse kamar ta wanda ya wuni yana wanki, in ka tsunkuli fatar ciki ka saki sai ta tsaya ba ta koma ba. Ƙafafu da hannuwa su dinga ɗaurewa saboda gishiri ya fita. Fitsari ya ɗauke. Jini ya yi kauri, zuciya ta rasa abin da za ta tura, ƙoda ta tsaya. A jariri, maɗigar kansa takan lotsa, ya yi kuka ba hawaye, ya kasa kama nono.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ya sa kowa ya shiga taitayinsa. Mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa kwanciya, wasu ko gudawar kirki ba sa yi. Suna nan garau, suna kasuwa, suna miƙa hannu ana gaisawa, amma ƙwayar tana fita a bayan gidansu har tsawon kwana ɗaya zuwa goma. Saboda haka kada wani ya ce ni lafiyata ƙalau, wanke hannu na marasa lafiya ne. Mai yiwuwa kai Allah ya ba ka ƙarfin jiki, amma tsohon da ya sha shayi a teburinka ko yaron da matarka ta ba shi loma ba su da irin ƙarfinka.

Ciwon nan ba yau ya fara ba, kuma bai san ƙabila ko addini ba. Asalinsa yankin bakin kogin Ganjis ne a ƙasar Indiya, daga can ya bi jiragen ruwa da ayarin fatake ya zaga duniya sau da dama tun daga 1817. A 1865 ya faɗa wa alhazai a Makka lokacin aikin Hajji, dubbai suka rasu. Ku tsaya a nan kaɗan. Baƙin Allah ne, a wuri mafi tsarki a bayan ƙasa, cikin harami, bakinsu bai bushe da talbiyya ba, amma cunkoso da gurɓatar ruwa suka yi aikinsu. Wanda yake ganin yawan ibadarsa zai hana ƙwaya shiga cikinsa, sai ya tambayi kansa ko ya fi waɗancan bayin Allah ne. A birnin Landan kuma, a 1854, lokacin mutane suna cewa mugun wari ne yake kawo ciwon, wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya ga kusan duk famfo ɗaya suke ɗiba. Ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano wani ramin masai ne kusa da rijiyar yake tsiyaya a ciki. Ruwan famfon nan kuwa mutane yabonsa suke yi saboda daɗinsa. Zagayen annobar da muke ciki yanzu ya faro ne daga Indunusiya a 1961, ya iso Afirka ta Yamma a 1970, kuma tun daga lokacin bai bar Najeriya ba. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da dubu 100 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohinmu na gida irin su Bauchi, Jigawa, Kano, Zamfara da Sakkwato suna cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Da wuya a rasa wanda aka bugo wa waya a shekarar nan cikin masu karanta wannan takarda. A nan Legas ma, a watan Yunin 2024 ya ɓarke, ya fi ƙarfi a wajen Legas Ailan da Eti-Osa da Kosofe, kuma hukumomin lafiya na jiha sun ambaci wani kunun aya na kwalba marar rajista cikin abubuwan da suke zargi. Kunun aya kuwa kun san da wa ake danganta shi a garin nan, ko da ba namu ne ya dama ba.

Yanzu ga maganar da nake so mu daɗe a kanta, maganar ƙaddara. Za ka ji ɗan'uwa ya ce, Malam Sakatare, ciwo da mutuwa duk na Allah ne, in kwana ya ƙare ko ruwan kwalba kake sha sai ka tafi. Gaskiya ne, babu Musulmin da yake jayayya da wannan. Amma wanda ya fi mu sanin ƙaddara ya riga ya amsa. A zamanin halifancin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham, da ya isa wani wuri da ake kira Sarga sai Abu Ubaida ɗan Jarrah da sauran shugabannin runduna suka tarye shi da labarin annoba ta sauka a ƙasar. Ya yi shawara da Muhajirai, ya yi da Ansar, ya yi da dattawan Ƙuraishawa, daga ƙarshe ya yanke a juya Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa wanda ya juya ma cikin ƙaddarar Allah yake, ya buga masa misali da makiyayi mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma wane mai hankali ne zai zaɓi ƙeƙasasshen? Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya ba da labarin abin da ya ji daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, na hanin shiga garin da annoba ta sauka da hanin fita daga cikinsa don gudu. Labarin yana cikin Bukhari da Muslim. Waccan annoba, wadda ake kira ta Amwas, ba kwalara ba ce, wani ciwo ne daban, amma darasin ɗaya ne.

Mu 'yan kasuwa ne, mun fi kowa sanin wannan a aikace. Wanda ya loda tumatir daga Kano bai taɓa cewa a bar kwandunan a rana ba tunda riba ta Allah ce. Mai shago yana sa kwaɗo biyu ya kuma biya mai gadi. Mai canji yana ƙirga kuɗi sau uku. Ba wanda ya ce musu imaninsu ya yi rauni. Sai an zo kan tafasa ruwa da sayen sabulu ne tawakkali yake tashi mana. A ganina wannan ba tawakkali ba ne, ganda ce aka sa mata rawani.

Wasu kuma sukan kawo hadisin da ya kore ɗaukar cuta. Malamai sun yi bayaninsa tuntuni: abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta ba da izinin Allah ba. Annabin da ya faɗi wannan shi ne kuma ya hana a shigar da raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya. Allah ne ya halicci sababi ya halicci abin da sababin yake haifarwa. Haka kuma ya inganta cewa wanda ciwon ciki ya kashe yana cikin waɗanda aka ba ladan shahada, kuma malamai sun sa gudawa mai kisa a ciki. Wannan bushara ce ga mamaci da sanyin zuciya ga iyalinsa, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amma ba ta wanke wanda ya yi sakaci ba. Wanda gini ya faɗo wa ma shahidi ne a hadisin, wannan bai sa maginin da ya cinye kuɗin siminti ya kuɓuta ba.

Abin mamaki, in ka jera abubuwan da likitoci suke roƙon mutane su yi, sai ka ga Sunna ta riga su. An hana bawali a ruwan da ba ya gudu. An yi gargaɗi mai tsanani, har da ambaton tsinuwa, a kan yin bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane suke hutawa. An umarci wanda ya tashi daga barci ya wanke hannunsa kafin ya tsoma shi a mazubi. An umarce mu da rufe ƙwarya da ɗaure bakin salka. Duk mun haddace. To a auna su da leda da ake ƙullewa a jefa a kwata da dare, da yaron da ake tsugunar da shi a bakin lambatu, da fo ɗin jariri da ake juyewa a inda ake wanke-wanke. Kashin yaro ba shi da wani tsarki a wajen wannan ƙwaya, iyayena mata, yana ɗauke da ita kamar na babba.

Na san halin da muke ciki. Gida ɗaya ɗaki goma sha, masai ɗaya, mai gida ba ya zuwa sai karɓar haya. Ƙasar Legas ruwanta a kusa yake, rijiya ba ta da zurfi, ramin masai yana taku kaɗan daga ita, in an yi ambaliya duk su zama abu ɗaya. Wasu 'yan'uwanmu ma a rumfar kasuwa suke kwana. Ba mu muka gina garin ba kuma ba mu da ikon gyara magudanansa. Amma daga bakin rijiya zuwa bakin mutum akwai matakai da suke hannunmu.

Mu fara da buta, tunda a masallaci muke. Muna tsarki da ruwa, alhamdu lillahi, wannan falala ce. Amma hannun hagun da ya yi tsarki, in ba a bi shi da sabulu ba, bai rabu da ƙwayar ba, kuma shi zai riƙe buta, ya riƙe ƙofa, ya taimaka wajen ɗaura leda a kan burodi. Ruwa zalla ya isar wa salla, bai isar wa abinci ba. Sai kwanon wanke hannu da ake zagayawa da shi a wajen walima ko suna, mutum goma su tsoma a ruwa ɗaya, na ƙarshe ya wanke hannunsa da dauɗar mutum tara. A daina. A zuba wa kowa daga buta, ruwan ya zube ƙasa, da sabulu. Randa da moɗa ma haka: moɗar da kowa yake kafa kai ya sha ya mayar, yaro ya ɗauka daga ƙasa ya tsoma. A sami mazubi mai murfi da famfo, ko moɗa mai dogon hannu da ba a sha da ita.

Ruwan sha a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka, ya huce a rufe. In gas ko gawayi ya yi tsada, akwai maganin kulorin na ruwa irin su WaterGuard da Aquatabs a kemis, a bi ƙa'idar da aka rubuta a jiki, a jira rabin awa kafin a sha. Alam, wanda wasu suke kira alif, yana kwantar da laka ne kawai ruwa ya yi haske, ba ya kashe ƙwaya. Tacewa da ƙyalle ma tana rage datti, ba ta wadatar ba. Ruwan leda a duba lambar NAFDAC, kuma a tuna bayan ledar ya sha hannu da ruwan ƙanƙara kafin ya zo bakinka. Har rubutun sha da ruwan tofi, don Allah malamai, a yi su da tafasasshen ruwa. Albarkar ayar tana nan, tafasa ba ta ƙona ta.

'Yan'uwana masu ruwa, masu shayi, masu kunun aya da zoɓo da fura, masu abinci, masu yanka kankana da abarba, maganarku ta fi ta kowa nauyi, domin cikin mutane amana ne a hannunku. Jarkar da ba a wanke cikinta ba wata da watanni, ɗibar ruwa a inda ya fi arha ba tare da tambayar daga ina yake ba, ƙanƙarar da ba ka san da wane ruwa aka daskarar ba (sanyi ba ya kashe ƙwayar nan), bokitin ɗauraye kofi da ba a canja ruwansa daga safe har dare, duk waɗannan suna iya sa ka zama sanadin ran wani ba ka sani ba. Wanda ya tauye mudu an yi masa narkon azaba, alhali hatsi kawai ya rage. Ina ga wanda ya sayar wa mutum ciwo a farashin abin sha? Kuma mu baƙi ne a nan. In abu ya faru a teburin mutum ɗaya, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa. Kasuwar dubu tana iya rufuwa saboda bokitin mutum guda.

Wannan tsoron ne kuma yake jawo babban kuskure: ɓoye marar lafiya. A ce kada a kai shi asibiti, za a zo a rufe gida, za a kore mu daga rumfa, za a ce mu muka kawo. Sai a kulle shi a ɗaki, a aika yaro kemis ya sayo Flagyl da kafso, a jiƙa saiwa, a jira gari ya waye. Ko kuma a ce a kai shi gida ya yi jinya a gaban iyayensa, a sa shi a bas ko a bayan tirela. Ku yi tunani, 'yan'uwa: tafiyar kusan kilomita dubu, yini da kwana a hanya, ga mutumin da awa shida ta isa ta ƙarar da ruwan jikinsa. Da wuya ya wuce Jebba. In ma ya isa, ya bar ƙwayar a kowace tasha da aka tsaya, ya kuma kai ta ƙauyen da ba shi da asibiti. Hanin fita daga garin annoba da muka ambata a sama, ga hikimarsa a fili.

Alhali ciwon nan, duk da saurinsa, yana daga cikin masu sauƙin magani. In ba a yi komai ba, mai tsananinsa yana iya kashe kusan rabin waɗanda ya kayar. In aka mayar da ruwan da ya fita a kan lokaci, ko mutum ɗaya cikin ɗari ba ya mutuwa. Maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari, wanda ake sayarwa a ƙunshi da sunan ORS. A zuba ƙunshi ɗaya a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, ruwa mai tsabta. In babu shi a kusa, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a sa sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri don a ga kamar zai fi aiki, yawansa illa ne, musamman ga yaro. Hikimar haɗin ita ce sukari yana jan gishiri zuwa cikin jiki ta wata ƙofa da dafin bai rufe ba, ruwa kuma ya bi gishirin. Wannan ɗan haɗi an gwada shi a sansanonin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash a 1971, lokacin da ruwan ƙarin asibiti ya ƙare, ya ceci rayuka masu yawa, daga nan duniya ta karɓe shi.

A fara ba shi tun gudawar farko, kurɓi-kurɓi, ba tsayawa. In ya yi amai a dakata kamar minti goma a ci gaba a hankali. Maganar da ake yi cewa shan ruwa yana ƙara gudawa, a hana shi ruwa cikin ya tsaya, wallahi ita ce take kashewa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar akan haɗa musu da ƙwayar zinc. Kuma duk wannan a hanya ake yinsa, ana ba shi ana tafiya asibiti mafi kusa, ko ƙarfe biyun dare ne, domin wanda ya galabaita sai an yi masa ƙarin ruwa ta jijiya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta likita ne zai ba da shi in ya ga da buƙata. Yana rage kwanakin ciwon, ba ya mayar da ruwan da ya zube. Magungunan tsayar da gudawa kuma a bar su. Akwai rigakafin da ake ɗigawa a baki wanda hukuma takan kawo unguwannin da abin ya yi ƙamari; in an kawo a karɓa. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232.

Mai jinya ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa marar lafiya ko shimfiɗarsa, kada kuma shi ne zai dafa abincin gida. Kayan da suka ɓaci a jiƙa su a ruwan bilic kafin a wanke, nesa da rijiya. Dubiya ibada ce, amma a irin wannan ciwo a yi ta a taƙaice, ba cin abinci a ɗakin, ba kai yara. Marar lafiyar da ya kasa riƙe alwala ko ya kasa tsayuwa, shari'a ta yi masa sauƙi, a tambayi Malam Liman yadda zai yi sallarsa, kada a tashe shi ana jan sa zuwa bayi yana jiri.

In kuma Allah ya karɓi abinsa, gawar wanda kwalara ta kashe tana ɗauke da ƙwayar sosai, kuma an sha ganin ciwon ya bazu daga wajen wanka da abincin zaman makoki. Haƙƙin mamaci ne a yi masa sutura, ba za a tauye shi ba. Amma masu wanka su zama kaɗan, su sa safar hannu ta roba, a bi shawarar ma'aikatan lafiya wajen sa kulorin a ruwan, a zubar da ruwan wankan a rami a rufe, a gaggauta binnewa. Wanda ya yi wankan kada ya taɓa abincin jama'a a ranar. Malam Liman ya ce duk gidan da irin wannan ta faru a sanar da shi kafin a taɓa gawar, domin akwai sauƙin da malamai suka yi bayani a kai in ana tsoron cutuwar masu wanka, kuma shi zai faɗi wanda ya dace da halin da ake ciki.

A ɓangaren masallaci, kwamiti ya amince a wanke tankin alwala gobe Asabar bayan sallar asuba, ana neman matasa su fito da burushi da bokiti. An sa sabulu a ƙofar kowane bayi, a daure a bar shi a wurin. Butocin bayi an shafa musu jan fenti don kada su gauraya da na alwala. Randar da take ƙofar masallaci za a ɗauke ta a sa mazubi mai famfo, kuma ladan zai riƙe ƙunshin ORS a ɗakinsa ga duk wanda buƙata ta kama da dare, ba sai ya biya ba. Wanda Allah ya hore wa yana iya kawo gudummawar sabulu ko ORS ofishin sakatare bayan sallar la'asar.